Tulun Malama

Shekarun baya, baya sosai, tun muna cikin Jihar Kano ba a ko yi mafarkin Jigawa ba, na taɓa yin katoɓara da kalma ɗaya tak, saura ƙiris ta ci ran 'yar yayata. Jiya jikata ta kama ni ina leƙa bayan ƙofa a gidan da muka je barka, ta ce wai me nake nema a ɗakin mutane. Shi ne na ce ta kawo wayar nan, in ba ta labarin, ku ma da kuke bibiyata ku ji.

Lokacin ina da shekara goma sha tara, na gama horon aikin lafiya, aka turo ni gida Kazaure. Farar riga, farin takalmi, ga ɗan agogo maƙale a ƙirji. Ku bar ni kawai. In na ratsa unguwa, tafiya nake yi kamar alfarma nake yi wa ƙasa da nake taka ta. Mata suka laƙaba mini Malama, har mahaifiyata in tana son tsokanata haka take kirana. Kuɗin man fetur ya fara zagayawa, an bar fam da sule an koma naira, tebura a bakin tasha sun cika da alawa da minti da lemon kwalba. Talaka bai samu na gina gida ba, amma ya samu na riƙo wa ɗansa alawa in zai dawo daga kasuwa. Sai muka fara ganin abin da iyayenmu ba su saba gani ba: yara 'yan shekara uku, huɗu, haƙoran gaba sun yi baƙi suna cinyewa, a kawo su asibiti kumatu a kumbure, sun kwana biyu ba su ci tuwo ba.

A shekarar ne aka ja famfo zuwa unguwarmu, can gindin dutse, unguwar masu ƙaramin ƙarfi. Kafin nan rijiya ɗaya muke rububi, in ta ja baya sai a gangara tafkin bayan gari, inda shanu suke sha kuma ake wanki.

Likitanmu wani Ba'indiye ne, mutumin kirki, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Ni ce tafintarsa, kuma ba ƙaramin ji da kai nake yi da wannan muƙami ba. Wata ranar awon yara, rumfa ta cika maƙil da mata da goyo, ya ce yana son ya yi musu magana a kan ruwan famfo. Ya ce an kai ruwan zuwa Kano an gwada, akwai abubuwa biyu a ciki. Na farko kulorin, mai kashe ƙwayoyin cuta. Na biyu fulorayid, mai ƙarfafa haƙora, musamman na yaran da ba su yi famfara ba, waɗanda haƙoransu na girma ke can cikin dasashi suna haɗuwa. Ya ce ya san buroshi da man goge baki sun fi ƙarfin yawancinsu, to ga abu a ƙofar gida kyauta, su riƙa ba yara.

Kulorin na san shi. Fulorayid kuwa sau ɗaya na taɓa cin karo da shi a littafi, kuma ban tsaya mun gaisa ba. Abin da ya kamata shi ne in juya in ce, likita, mene ne wannan, daga ina yake? Amma a gaban matan unguwarmu? Ni Malama? Sai na gyara tsayuwa, na ɗaga murya na ce:

"Likita ya ce gwamnati ta zuba magani a ruwan famfo saboda ku masu ƙananan yara. Kowacce ta tabbata shi take sha, ita da 'ya'yanta."

Wata mata daga baya ta tambaya, a ladabce, wai maganin mene ne. Na ce magani dai, na gwamnati. Don in burge su har na ƙara da nawa: ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa, amma yana shiga jiki yana aiki a hankali.

Rumfa ta yi tsit. Ni kuma na ɗauka kwarjinina ne.

Ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. A wurinmu maganin da aka miƙo maka a hannu ka gani ka haɗiya daban yake da wanda aka zuba maka a ruwa ba ka gani ba. Na biyun sunansa sammu. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ba a gani, ba a jin ɗanɗanonsa, yana cin jiki a hankali. Ga shi a lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa Turawa sun ce haihuwarmu ta yi yawa. Ga ruwan famfon da ɗan wari irin na asibiti. Ni kuma na zo da bakina na ce don masu ƙananan yara aka zuba, wato matan da ke kan ganiyar haihuwa. Wallahi ko hayata aka yi in ɓata famfon nan, iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Mahaifiyata ta so ta farkar da ni. Bayan kwana biyu, tana tankaɗe, ta ce, "Malama, maganar nan da aka ce kin yi a asibiti, anya haka likitan ya faɗa?" Na ce mata wannan harkar boko ce, ba za ta gane ba. Ta dube ni, ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta. Har yau in na tuna amsar nan sai na nema wa kaina gafara.

Likita ya sa ni zagayen gida-gida duk ranar Alhamis, in ga ko ana shan ruwan. Aiki ya yi kyau fiye da yadda na zata. Duk gidan da na yi sallama, a shimfiɗa mini tabarma, a tsiyayo ruwa daga wani tulu da ke nan kusa da ƙofa, a miƙo a kwanon sha. In shinshina, in ji warin kulorin, in kurɓa, in sa alama a takardata. Gida bayan gida, ba fashi. Na riƙa komawa ina gaya wa likita unguwarmu ta waye, shi kuma yana jinjina mini.

Cikin gidajen har da na yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni ina ƙarama. Mijinta gyaran keke yake yi a bakin tasha. 'Yarsu ɗaya, shekararta uku da rabi, ga surutu, ga son alawa, haƙoranta biyu na sama sun riga sun fara baƙi. Yafendo take ce mini, da yake ni ƙanwar uwarta ce, kuma in na zo ba ta da aiki sai wasa da agogona. Bayan ita Yaya ta yi ɓari sau biyu, na biyun har sai da muka fid da rai da ita. A gidanta ma tulun yana nan kusa da ƙofa, kullum a cike, kullum da warinsa.

Haka muka tafi har damina ta faɗi. Ruwan farko ya wanko duk ƙazantar bayan gari ya zuba a tafki.

Wata Litinin da hantsi ina cikin wanke wa wani ciwo, sai ga mijin Yaya ya jingine keke ko tsayar da shi bai yi daidai ba. Ya ce yarinyar tun asuba take amai da gudawa, yanzu ko kuka ba ta iya yi. Na hau bayan keken muka tafi. Na same ta kwance a cinyar uwarta, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Na ɗan ja fatar cikinta na saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Wanda ya yi aikin asibiti ya san abin da wannan yake nufi: ruwan jikinta ya kusa ƙarewa.

Likita ya koya mana haɗa ruwa da gishiri da sukari a riƙa ɗura wa irin wannan yaro kafin a kai asibiti. Na zari kwano na nufi tulun ƙofa. Na karkata shi, ko ɗigo. Na zura hannu, a bushe ƙamas, har da yanar gizo a wuyansa. Ashe ranar Litinin ce, ba Alhamis ba. Ban dai gane ba tukuna. Na faɗa ɗaki ina neman ruwa, sai na ga randa a bayan ƙofa, an rufe ta da faifai. Na ɗaga faifan. Ruwa ja-ja, mai kauri, ga talibambam biyu suna iyo abinsu.

Na fito da kwanon a hannu na ce, "Yaya, wannan ruwan ina ne?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce na tafki ne. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun ranar da na yi magana a asibiti. Na buɗe baki zan fara faɗa irin na malaman asibiti, sai ta ɗago ta dube ni, idonta ya yi ja.

"Auta, wata biyu ke nan ina da shigar ciki. Sau biyu ina zubar da jini a ɗakin nan, kina gani. Ke da bakinki kika ce an zuba magani, ba a ganinsa, yana aiki a hankali. Me kike so in yi?"

Na ce to tulun fa? Ta ce ai kowane gida akwai shi, tulun Malama suke ce masa. Ranar Laraba da yamma ake cika shi a famfo, in na sha na tafi a yi wanke-wanke da sauran. Ta ce matan unguwa ne suka haɗu suka yanke haka, don ni 'yar gida ce, ba sa so a ce na kasa aiki a kore ni, mahaifiyata ta ji kunya.

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Wata da watanni ina yawo da takarda ina shinshina ruwa, ashe unguwa guda ce ta taru tana rufa mini asiri, 'ya'yansu kuma suna shan tafki saboda maganata. Amma ba lokacin kuka ba ne. Na sunkuci bokiti na ruga famfo, farin takalmi cikin taɓo. Ba layi, ba kowa, sai wata akuya tana lasar bakin famfon. Na taro na dawo, na haɗa gishiri da sukari, na durƙusa da cokali. Sai Yaya ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "In ta girma ba ta haihu ba fa?"

Na ce, "Yaya, bari ta girman tukuna."

Ta sake ni. Na riƙa ɗura mata cokali-cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Da ta ɗan haɗiya na goya ta da zanen uwarta a kan farar rigata, uban ya tuƙa mu zuwa asibiti, Yaya na biye da ƙafa. Jijiya ta ɓuya, likita ya nema a hannu babu, a ƙafa babu, sai a gefen kai ya samu ya sa mata ƙarin ruwa. Ya ce mini in ta yi fitsari to mun tsira, in ba ta yi ba, sai addu'a. Na zauna na ɗora ta a cinyata, na kafa wa robar nan ido, ina lissafa ɗigo. Yaya ta iso ta zauna a gefe. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Rana ta yi sanyi, ana shirin kiran magariba, sai na ji ɗumi yana bin cinyata.

Jama'a, na ga haihuwa, na ga aure, na je Makka na dawo, amma ban taɓa murna da wani abu kamar fitsarin nan ba. Na rungume ta ina dariya ina hawaye, rigar Malama ta jiƙe sharkaf. A rana ta uku ta buɗe ido sosai, ta kai hannu ta kama agogona, ta ce a ba ta alawa.

Da hankali ya kwanta na je na faɗa wa likita gaskiya, tun daga fassarar har tulun. Ya dafe kai. Sannan ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Ya ce fulorayid ɗin nan ba wanda ya zuba shi. A cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa yake, inda aka haƙa burtsatsen da ke ba famfo ruwa. Wasu garuruwan yana yi musu yawa har ya rina haƙora, namu kuwa da aka gwada daidai yake. Kulorin kaɗai ake sawa, shi ne mai warin, kuma in ruwan ya ɗan zauna a randa warin zai tafi. Babu ruwan ko ɗayansu da mahaifa.

Na dawo gida na sami mahaifiyata tana dama wa Yaya kunun kanwa. Na zauna a ƙasa kusa da murhu, ba a kujerar da na saba hakimcewa ba, na zayyana mata komai. Ta saurara tana juya ludayi. Ta ce daga ƙasa yake fitowa? Na ce e. Ba wanda ya zuba? Na ce babu. Kuma ƙarfi yake ƙarawa? Na ce na haƙori.

Ta ce, "To ai kanwa ce wannan. A kan kanwa kika tayar wa unguwa hankali?"

Boko bai gama sakina ba, na ce ai ba kanwa ba ce, Inna, sunansa daban. Ta ce ta sani, ita ma ba jaka ba ce, amma ai dangin juna ne: Allah ya ajiye abu a ƙasa, a ba mai jego ta yi ƙarfi, a ba dabba ta yi ƙarfi, wa ya taɓa gudun kanwa? Shi kuma mai warin, ta ce, in gaya musu ɗan'uwan alif ne da suke jefawa a ruwa ya kwanta. Na tambaye ta ita wane ruwa take sha duk watannin nan. Ta ce na famfo mana, ita da ta gama haihuwa me zai yi mata, kuma ya fi kusa.

Alhamis ta zagayo na fita ba takarda, ba farar riga, da atamfata da mayafi. Gida-gida na bi ina ba da haƙuri. Na ce ni ce na yi kuskure, likita bai ce magani ba, ni ce ban san kalmar ba na ƙi tambaya. Na ce kanwar haƙori ce, daga dutsen nan namu take fitowa, tun kafin a haifi gwamnati tana nan. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce Allah ya kyauta, wata tsohuwa ta ce ita dai tafki ta gada kuma a kansa za ta mutu, haka kuwa aka yi. Yawanci dai sun saurara da ladabi, irin ladabin da yanzu na san ba ya nufin an yarda.

Wadda ta gama aikin Yaya ce. Ranar da aka sallamo yarinyar ta kwashe ruwan randar nan ta zubar, ta wanke ta tas. Washegari da safe, lokacin da mata ke wucewa tafki da tuluna a ka, ta je famfo ta tara hannu ta sha a gabansu, ta cika bokiti ta wuce gida. Kowa ya san tarihin ɓarinta, kuma ba a daɗe ba kowa ya san tana da ciki. Daga nan unguwa ta zuba wa cikin nan ido. Ni kuwa wata bakwai ban yi barcin kirki ba, don na san ɓari yana da dalilai ɗari, amma in ya zo wannan karon famfo za a ce, kuma ni za a ce. Ko tari ta yi sai na ruga gidanta. Har ta gaji ta ce in daina zuwa ina tattaɓa ta kamar kankana.

Bayan an gama girbi ta haifi namiji, ƙato, da kukansa da komai. Ranar suna da ruwan famfo aka dama kunu, aka dafa shinkafa, mata suka ci suka sha ba wadda ta tambaya. Kafin wata damina layin famfo ya kai har ƙofar masallaci, ana faɗa a kan wa ya riga wa. Tulunan Malama kuma aka mayar da su na jiƙa tsamiya.

Yarinyar ta yi famfara, baƙaƙen haƙoran suka zube, sababbi suka fito farare reras. Ba zan ce duk aikin ruwa ba ne, don uban ya rage alawar bayan na tsare shi, kuma na koya mata asuwaki da wuri. Amma yaran da ake kawo mana da kumburin kumatu daga unguwarmu sun ragu, da idona na gani.

Na yi shekara talatin da biyar ina aikin asibiti bayan wannan, kuma ban ƙara fassara kalmar da ban gane ba. In likita ya faɗi abu ya shige mini duhu, a gaban kowa nake cewa ya maimaita. Na kuma daina yarda da "to" ɗin mutanenmu. Mutum zai ce maka to don yana ganin girmanka, ko don yana tausayinka, alhali abin da ya yarda da shi yana can bayan ƙofa an rufe da faifai. In kana son ka sani, sai ka sauko ka zauna a ƙasa ka tambaya.

Yaya ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta, ita da Inna. 'Yar tata tana aure a Roni, ta haura hamsin, 'ya'yanta shida, amsar tambayar da uwarta ta yi mini ranar nan ke nan. Har yau da haƙoranta take ɓare rake, ni Malama kuwa nawa na roba ne, a kofi suke kwana. Duk sanda na je gidanta, ita da kanta take kawo mini ruwa, ta durƙusa ta miƙo, ta ce, "Yafendo, sha da kwanciyar hankali, randa ɗaya ce a gidan nan."

Ina sha in yi hamdala. Amma in ta fita ɗauko abinci, sai na tashi na leƙa bayan ƙofar.